Yadda Ake Kama Hanya a Daji da Taswira da Kamfas

Masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. A shekarar 2009, wasu masu bincike na Cibiyar Max Planck da ke ƙasar Jamus, ƙarƙashin jagorancin Jan Souman, sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi. Sun saki mutane a cikin wani babban daji a Jamus, wasu kuma a cikin hamadar Sahara a ƙasar Tunisiya, suka ce kowa ya miƙe sambal iyakar iyawarsa, su kuma suna bin sawunsu da na'urar GPS. Waɗanda suke ganin rana sun miƙe ba laifi, amma waɗanda gajimare ya rufe wa rana sai suka riƙa kewayawa, har suna ratsa sawun kansu ba su ankara ba, alhali suna jin cewa gaba suke yi. Ƙafar ɗan Adam ba ta iya miƙewa ita kaɗai in babu wata alama da ido zai kama, kuma wannan ne ya sa matafiyin daji yake buƙatar taswira da kamfas.

Akwai magana guda da nake so ku riƙe tun daga farko, domin duk abin da zai biyo baya a kanta yake tsaye. Taswira tana nuna muku yadda ƙasa take, kamfas kuma yana nuna muku inda arewa take, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai gaya muku inda kuke tsaye. Wannan aikin naku ne, kuma ana fara shi ne daga inda aka tashi, ba bayan an riga an ɓata ba.

Mu fara da taswira. Irin wadda ake tafiyar daji da ita ita ce mai nuna tudu da kwari, kuma abin da za ku fara nema a gefenta shi ne ma'auni. Idan kun ga an rubuta 1:50,000, ma'anarsa santimita biyu a kan takarda daidai suke da kilomita guda a ƙasa. Idan kuwa 1:25,000 ne, santimita huɗu ne kilomita guda, saboda haka ta fi nuna ƙananan abubuwa amma ba ta ɗauki faɗin ƙasa mai yawa ba. Shuɗi ruwa ne, kore yawanci itatuwa ne, sauran alamomin kuma an fassara su a gefen takardar. Ku duba shekarar da aka buga ta, domin hanyoyi suna canzawa, ana sare daji, ana yin sababbin gine-gine.

Abin da ba ya saurin canzawa shi ne siffar ƙasar kanta, kuma ana nuna ta da waɗannan siraran layuka masu launin ruwan ƙasa da kuke gani suna lanƙwasa. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne daga saman teku, tsakanin layi da layi kuma akwai ƙayyadadden tsayi da aka rubuta a gefe, misali mita 10 ko 20. Inda layukan suka matsu da juna, hawan yana da tsanani. Inda suka ware, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Da'ira a cikin da'ira tana nuna ƙololuwar tudu. Inda kuma layukan suka yi siffar harafin V a kan rafi, to tsinin harafin yana nuna sama ne, wato inda ruwan yake fitowa. A ganina, wanda ya iya karanta waɗannan layuka har ya riƙa ganin tudun a zuciyarsa kafin ya isa gare shi, ya gama da mafi wuyar ɓangaren wannan ilimi.

Shi kuwa kamfas tsohon abu ne. Tun a shekarar 1088 masanin ƙasar Sin, Shen Kuo, ya bayyana yadda allurar da aka goga da dutsen maganaɗisu take nuna kudu, wato baki ɗaya yana kallon kudu, ɗayan kuma arewa. Irin wanda yake hannuna, mai allon roba garau da ake ganin taswira ta cikinsa, ya yaɗu ne daga ƙasar Suwidin, inda aka kafa kamfanin Silva a shekarar 1933. Sassa huɗu za ku sani a jikinsa: allura mai jan kai da ke nuna arewa, zobe mai juyawa da aka rubuta wa digiri 360, kibiyar da aka zana a ƙasan zoben tare da layukan da ke gefenta, sai kuma kibiyar tafiya wadda ke kan allon kansa.

To, a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin arewar da allura take nunawa ba ita ce arewar da ke saman taswira ba. Taswira tana bin ainihin arewacin duniya, ita kuwa allura tana bin maganaɗisun duniya, wanda narkakken ƙarfen da ke motsi can cikin ƙasa yake haifarwa. Shen Kuo ma ya lura cewa allurarsa tana ɗan karkata gabas. Matattarar wannan maganaɗisu ta arewa ba a zaune take wuri guda ba: James Clark Ross ya iske ta a yankin Boothia da ke arewacin Kanada a shekarar 1831, amma daga baya ta yi ta matsawa zuwa wajen Siberiya, har a farkon shekarun 2000 gudunta ya kai kimanin kilomita 50 a shekara. Bambancin da ke tsakanin arewa biyun nan shi ne karkatar allura, kuma ya danganta da inda mutum yake. A wasu wurare bai kai digiri ɗaya ba, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa ya zarce digiri 20 zuwa yamma.

Kada ku raina wannan bambanci. Kuskuren digiri ɗaya kacal yana kautar da mutum kimanin mita 17 a kowace kilomita, kuskuren digiri 10 a tafiyar kilomita biyar kuwa zai ajiye shi kusan mita 900 daga inda ya nufa, wanda a cikin duhun itatuwa ko hazo ya isa ya sa mutum ya wuce rijiya ko sansani bai ko hango su ba. Ana rubuta adadin karkatar a gefen taswira tare da shekarar da aka auna shi da yadda yake sauyawa duk shekara. Idan kun ɗauko lamba daga taswira za ku bi ta a ƙasa, ku ƙara adadin in karkatar ta yamma ce, ku rage shi in ta gabas ce. Misali, kun auna digiri 60 a taswira, karkatar wurin kuma digiri 5 ce zuwa yamma, to a kan 65 za ku saita zoben.

Yanzu ga yadda ake auna hanya. Ku shimfiɗa taswira, ku ɗora gefen allon kamfas ya haɗa inda kuke da inda za ku, kibiyar tafiya tana kallon inda za ku. Ku danne allon da yatsa kada ya motsa, ku juya zoben har layukan cikinsa su yi daidai da layukan taswira da suka tashi daga kudu zuwa arewa, harafin N yana kallon saman takardar. A wannan mataki babu ruwanku da allura, ku bar ta ta yi ta lilo. Ku karanta lambar da ta tsaya a gindin kibiyar tafiya, ku yi gyaran karkata, sannan ku ɗaga kamfas ɗin ku riƙe shi a kwance a gaban ƙirji. Daga nan sai ku juya jikinku gaba ɗaya, ba hannu kaɗai ba, har jan kan allurar ya zauna cikin kibiyar ƙasan zobe. Inda kibiyar tafiya take nunawa a lokacin, can ne hanyarku.

Ba a tafiya ido a kan kamfas. Ku ɗaga kai ku zaɓi wani abu da ke kan layin, wata bishiya mai siffa ta daban ko wani dutse, ku tafi gare shi ta duk inda ƙafa ta samu sauƙi, in kun isa ku sake dubawa ku zaɓi na gaba. Ku nisantar da kamfas daga wayar hannu, da wuƙa, da mota, da manyan wayoyin lantarki. Ku ga abin da ke faruwa idan na kawo waya kusa da shi: allurar ta bar arewa ta bi wayar, kuma ba za ta yi muku wani gargaɗi ba. Kuskure mafi muni shi ne juya zobe harafin N ya kalli ƙasan taswira, domin hakan zai juya ku digiri 180, ku ba wa inda za ku baya. Maganinsa shi ne ku ƙiyasta shiyyar da ido kafin ku auna; in kun ga wurin yana arewa maso gabas, lambar dole ta faɗa tsakanin 0 da 90.

Sanin shiyya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin nisan da aka ci. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a cikin gajiya ko hazo kimar ido tana yaudara, saboda haka ake ƙidaya taku. Ku auna mita 100 a fili, ku ƙirga sau nawa ƙafarku ta dama take sauka. Ga yawancin manya adadin yakan faɗa tsakanin 60 da 70, kuma yana ƙaruwa a hawa ko cikin yashi. Don tafiya mai nisa kuma akwai lissafin da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya tsara a shekarar 1892: awa guda ga kowace kilomita biyar, a ƙara awa guda ga kowane hawan mita 600. Tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 300 ke nan za ta ci awa biyu da rabi, ban da hutu.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowace nuna hikimar wannan aiki. A ce kuna neman wata ƙaramar gada a kan rafi, tana nesa da ku kilomita biyu. Idan kuka nufe ta kai tsaye kuka isa bakin ruwa ba ku gan ta ba, ba za ku san ko tana dama ko tana hagu ba. Amma idan da gangan kuka karkata 'yan digiri zuwa hagunta, to da kun isa rafin babu sauran tantama, ku juya dama ku bi gaɓa har ku same ta. Haka nan duk inda kuka samu wani dogon abu da ya bi shiyyarku, kamar rafi ko bakin daji ko doron tudu, ku bi shi ya yi muku jagora. Ku kuma tsayar da wata alama a bayan inda za ku, wadda da kun gan ta kun san kun zarce.

A duk tsawon tafiyar, ku riƙe taswira a juye yadda samanta yake kallon arewa, domin abin da ke hagunku a ƙasa ya kasance a hagunku a takarda, babban yatsanku kuma yana kan inda kuke, kuna matsar da shi duk lokacin da kuka wuce wata alama. Idan taswira ta ce ya kamata ku riƙa gangarawa ku kuwa hawa kuke yi, ku tsaya nan take. Zuciya tana son ta lallashi mutum cewa wancan tudun ai shi ne na taswira, ko da siffarsa ba ta yi kama ba, kuma ta nan ne ƙaramin kuskure yake girma.

Idan duk da haka kun rasa inda kuke, kada ku ƙara gaba. Ku zauna ku tuna wuri na ƙarshe da kuka tabbatar da shi, da lokacin da ya wuce tun daga nan, domin wannan zai ƙayyade muku faɗin yankin da za ku nema a takarda. Idan kuna hango abubuwa biyu ko uku da kuka gane a taswira, kamar ƙololuwar dutse da wata hasumiya, ku nuna kowannensu da kibiyar tafiya, ku juya zobe har jan kan allura ya zauna cikin kibiyar ƙasan zoben, ku karanta lambar. A wannan karon gyaran karkata akasin na farko ne: a rage ta yamma, a ƙara ta gabas. Ku ɗora gefen allon a kan alamar a taswira, ku juya kamfas ɗin gaba ɗaya har layukan zobe su daidaita da arewa, sannan ku ja layi da fensir zuwa ɓangarenku. Layuka uku sukan bar ɗan ƙaramin fili mai kusurwa uku a tsakaninsu, kuma kuna cikinsa ko kusa da shi. Idan filin ya yi girma, to akwai alamar da kuka ɗauka ba daidai ba ko lambar da kuka karanta a karkace, sai ku sake aunawa kafin ku ɗaga ƙafa.