Direba da fasinja a cikin ciwon daji

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, na gode da kuka zo duk da wannan zafin rana.

Idan aka yanko ƙari daga jikin mai ciwon daji aka karanta ƙwayoyin gadonsa, akan tarar da tangarɗa birjik. Masu bincike sun kasa su biyu: direba da fasinja. Fasinja motar kawai ya hau. Direba shi ke sa ƙwayar jiki ta yi ta hayayyafa ba birki. A 2013, Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa ƙari ɗaya yakan ɗauki direbobi 2 zuwa 8.

To, yaya ake gane direba? Da ƙirge ake yi. Ƙwayar gado mai suna TP53 a lalace take a kusan rabin masu cutar, ita ba a gardama. Wadda ke hana ni barci ita ce wadda sai ka duba mutum ɗari kafin ka gan ta sau ɗaya. Ƙirge zai ce fasinja ce, a wuce ta.

Ku tuna kaskon wuta lokacin hunturu. Garwashi ɗaya a gefe ba ya ɗumama ɗaki, amma in ka tura biyar wuri guda sai ka ja ƙafarka baya. Dabarar manhajar HotNet2 ke nan, wadda Ben Raphael da tawagarsa suka fitar a Jami'ar Brown ta Amurka a 2015. Ana zana taswirar wace ƙwayar gado ke aiki da wace, a ɗora wa kowacce garwashi gwargwadon yawan lalacewarta, a bar ɗumin ya ratsa maƙwabta. Daga samfura 3,281 na nau'in ciwon daji 12, unguwanni 16 suka yi zafi. Ɗaya ita ce kohesin, zoben da ke riƙe tagwayen kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) kafin ƙwayar jiki ta rabu biyu. Ƙwayoyin gadonsa irin su STAG2 da RAD21 kowacce jefi-jefi take lalacewa, amma a haɗe sai suka fito fili.

Ga abin da ke damuna. Akasarin samfuran na Turawa ne. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da likitocin Ibadan a 2018 ya nuna sankarar maman matan Nijeriya ta fi ta matan Amurka yawan tangarɗar ƙwayoyin gadon TP53 da GATA3. Idan akwai direban da ya fi yawa a matanmu, garwashinsa ba zai yi ɗumi ba sai an sa samfurinsu a kaskon.

Hajiya a baya, na ga hannunki, bismillah.