Rainon Bakwaini: Yadda Ake Ƙirga Watanninsa

(An rubuto daga faifan laccar da wata ma'aikaciyar jinya ta ɗakin jarirai ta yi wa zumuntar mata a wata majami'a a Katsina.)

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Baba Fasto, iyayena mata, da maza ukun da suka laɓe a bencin baya, sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? Madalla. Abu huɗu zan faɗa: ɗumi, nono, ƙirgen watanni, sai rigakafi.

A asibiti, duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma haka suke zuwa. Ba kanki farau ba ke nan.

Na ɗaya, ɗumi. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa zafin jiki. A bar masa hula da safa da kunzugu kawai, a ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fata da fata, kansa na kallon gefe guda, haɓa a ɗan ɗage, a ɗaure da zane zuwa ƙasan kunnensa. Awa takwas a rana, in an fi haka ya fi. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan goyon ƙirji a 1978, don kwalaben sa jarirai sun yi musu kaɗan. Ishaya 40:11 ta ce makiyayin yana ɗaukar 'yan raguna a ƙirjinsa. To ku na bencin baya, ƙirjinku ma yana aiki, ba na maɓallin riga ba ne kawai. (Dariya.) Da hunturu kada a kunna garwashi a rufe ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. Ki riƙa taɓa tafin ƙafarsa, in da sanyi ki mayar da shi ƙirji.

Nono kuwa duk awa biyu zuwa uku, dare da rana, ko yana barci a tashe shi. Kafin wajen mako 34 bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, sai a tatsa a ƙaramin kofi a kai bakin leɓensa ya lasa da kansa, ba ɗura ba. Ban da ruwa, ban da zuma. Wanzami kuma ya yi haƙuri da belin nan.

Yanzu ga wanda ya kawo ni. Ku ajiye hira, don nan ne iyaye mata suke zubar da hawaye a banza, wasu kuma suke zama shiru lokacin da ya kamata su tashi.

Cikakken ciki mako 40 ne. Yaron da ya zo a mako 32 yana bin mu bashin mako takwas, wata biyu ke nan. Duk lokacin da za ki auna abin da ya iya, sai ki fara biyan bashin nan. In wata shida da haihuwarsa, ɗan wata huɗu ne a wurinmu. In ya shekara, ɗan wata goma ne. Mama, ke mai jan kallabi, wanda ya zo a mako 28, yau watansa tara, nawa ke nan? Shida! Kin ci. Mako 12 aka cire. Haka za a yi ta cirewa har ya shekara biyu.

Me ya sa nake nanatawa? Ranar Lahadi bayan sujada za a zauna, ɗan maƙwabciyarki da aka haifa mako ɗaya da naki yana zaune daram, naki yana jingine. Wata ta ce, har yanzu bai zauna ba? Ki koma gida ki kasa cin tuwo. Alhali da an cire wata biyun nan, yaronki yana kan hanyarsa. Ki rubuta ranar da aka ce miki za ki haihu a bayan katin awo, daga ranar nan za ki riƙa ƙirge.

Amma ku ji ɗaya gefen, don kada a ce malamar asibiti ta ce a yi ta jira. Da ƙirgen da aka gyara: wata uku ba murmushi, wata huɗu wuya bai tsaya ba, wata tara ba zama, wata 18 ba tafiya. Ko jiki ya sandare, ƙafafu na harɗewa in an ɗaga shi. Ko ya yi laƙwas. Ko tun bai shekara ba hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan a dunƙule. Ko a buga ƙofa bai firgita ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi wurin likitan yara, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Turai Yar'adua, ki ce a duba ko yana bukatar masu gashin ƙashi. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana saurin koyon sabuwar hanya, shi ya sa gashin da aka fara a wata shida ya fi wanda aka fara a shekara uku nesa ba kusa ba. A gida kuma, in yana farke kina kusa, ki kifa shi a tabarma minti kaɗan sau da yawa a rana, wuya da baya su yi ƙarfi. Barci dai a rigingine. Ki yi masa magana, ki yi masa waƙoƙin zumunta.

Na biyar... na nawa muke? Ido dai. Wanda ya zo ƙarami sosai, musamman in an sa masa iskar oksijin, likitan ido ya duba bayan idonsa cikin kwana 30 da haihuwa. Ciwon ba ya nunawa a waje sai ya gama ɓarna. Ciwon shawara ma, in ido ya yi rawaya, asibiti a ranar, ba shanya a hantsi ba.

(Wata daga cikin mata: Malama, an ce wa ƙanwata zunubinta ne ya sa yaron bai tafiya, wai ta bar asibiti ta yi azumi.)

Mama, wannan magana ta yi mini zafi. Baba Fasto yana nan, in na kauce ya gyara. A Yohanna 9, almajirai sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, zunubin wa, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba. Wanda ya ɗora wa uwa abin da Yesu ya sauke mata, sai ya kawo ayarsa. Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus da kansa ya kira shi haka a Kolosiyawa 4:14. A yi addu'a da safe, a hau Keke Napep a tafi gashi. Mai shayarwa kuma kada a sa ta azumin da zai rage mata nono, ku masu ƙarfi ku yi a madadinta. Zumunta ta raba kwanaki: wata ta raka ta asibiti, wata ta riƙe sauran yaran, a cire kuɗin mota daga asusu. Masu zuwa barka su wanke hannu, mai mura ta aiko da gaisuwa.

Af, rigakafi! An ɗaga mini agogo. Shi ba a cire masa komai. Mako 6, mako 10, mako 14, daga ainihin ranar haihuwa ake ƙirgawa, na ƙyanda a wata tara. Mama, ki tsaya bayan addu'a ki faɗa mini watannin yaron ƙanwarki mu lissafa tare.