Tambarinka ya shiga kan hatimi kuwa?

(Daga laccar da aka yi wa matasa masu sana'a a Jidda, an rubuto daga rikodi)

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, kowa ya ciro wayarsa ya kalli ɗan da'irar hoton nan na WhatsApp. A nan tambarinka zai fi zama, ba a allon bakin titi ba. Hajiya mai turaren wuta, Malam mai tsire da Larabawa ke ce wa siriyya, ke mai lalle, duk gwajinku ɗaya ne: in aka ƙanƙantar da shi ya koma kamar kan yatsa, ana gane shi?

Abin ma ba sabo ba ne. Da Manzon Allah (SAW) zai rubuta wa sarakuna wasiƙu, aka ce masa ba sa karɓar takarda sai da hatimi. Sai ya yi zoben azurfa, kalma uku, layi uku: Muhammad, Rasul, Allah. Ku dubi tambarin ƙasar nan, takubba biyu da dabino ɗaya. Na Nike kuwa layi ɗaya ne mai lanƙwasa, wata ɗaliba ta zana shi a 1971, aka biya ta dala 35.

Mu kuwa fa? Jiya aka nuna min wani: kambin sarauta, fure, tauraro, lambar waya, launi biyar, kamar kayan lefe. In aka buga shi da tawada baƙa a jikin leda, dagwalo kawai za ka gani.

Mu na nan muna da wani nauyi na daban, domin masu sayenmu iri biyu ne. Balarabe yana karantawa daga dama, alhajin Kano daga hagu. Don haka sunan ya fito da Larabci da boko, kuma kaurin haruffan ya zo ɗaya, kada guda ya danne guda. Salon rubutun Larabci da ake kira Diwani yana da kyau, amma in ya ƙanƙance sai ya cuɗe. Salon Kufi ya fi jurewa. In kana son a san kai Bahaushe ne, ga dagi, ga zanen hula, ga aikin wuyan riga. Ɗauki guda, ka rage masa kwalliya.

Hattara da abu biyu. Tutar Saudiyya da takubban nan ba a sa su a kayan kasuwanci, doka ta hana. Balle kalmar shahada a kwalin da zai ƙare a shara. Na biyu, tambarin da ka ɗauko a shirye daga manhajar zane ta Canva, wani ma ya ɗauka, kuma ba za ka iya yi masa rajista da sunanka ba.

Wani ya tambaya daga baya, me za a karɓa a hannun mai zane? Ka ce ya ba ka fayil ɗin SVG, wanda ko an buɗa shi ya kai faɗin bango ba ya dusashewa, da kwafin baƙi da fari. To, an kira sallar Isha, bayan mun idar sai mu duba na kowa ɗaya bayan ɗaya.