Sharhi: Bakin Kogin Dilimi da Kududdufan Kuza

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya tsaya kan gada da rani ya leƙa kogin Dilimi ya san abin da zai gani: ruwa baƙi ƙirin yana ratsa duwatsu da ƙyar, ledoji sun maƙale a ko'ina, yara babu takalmi suna tsallakawa. Wallahi abin yana sosa mini rai, domin wannan kogi shi ne cibiyar garin Jos. A yashinsa aka yi ta wanke kuza, kuzar da ta sa Turawa suka kafa sansani a Naraguta, ta jawo jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, ta tara ƙabilu wuri guda. Harkar ta soma ja da baya a shekarun 1970, ta ƙarasa durƙushewa da faɗuwar farashi a 1985. Kamfanoni suka tattara komatsansu, suka bar mana ramuka da tsibin ƙasa har Bukuru da Barikin Ladi.

A wannan shekara ta 1985 ce aka kashe wutar wata masana'antar narka ƙarfe a birnin Duisburg na Jamus. Mutanen can ba su rushe ta ba, sai suka mayar da ita wurin shaƙatawa. Sun tsabtace tsohuwar hanyar kogin Emscher da ta zama kwata, suka dasa itatuwa tsakanin injuna. Ƙaton tankin iskar gas aka cika shi da ruwa, yanzu a ciki ake koyon nutso. Bangon rumbunan ma'adinai kuwa matasa ke atisayen hawa a jikinsa. Shiga kyauta ne, dare da rana. Wannan kyautar ita ta fi burge ni.

Mu ma ai ba baƙin irin wannan dabara ba ne. Tafkin da ake yawo da kwale-kwale a Rayfield tsohon ramin kuza ne. Sai dai mai tura baro a unguwar Gangare da 'ya'ya shida, yaushe zai kwashe su har can, ya biya kuɗin mota da na ƙofa? Wurin hutun talaka sai wanda ƙafa za ta kai shi, shi ya sa nake ganin a mayar da bakin Dilimi wurin shaƙatawa.

Kuma maganar ta wuce shan iska. A watan Yulin 2012 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare, aka rasa rayuka fiye da 30. Allah Ya jiƙansu. In aka bar gaɓar kogi fili, da ciyawa da itatuwa, ruwa zai samu inda zai baje kafin ya kai ga ɗakin kwanan mutane.

Amma fa kada a yi gaggawa, a haifi ɗan da ba ido. Dusar kuza tana ɗauke da ma'adinin monazait, mai fitar da wani tururi da ido ba ya gani, mai illa ga jiki. Dole masana, irin na Jami'ar Jos, su gwada ƙasa da ruwa kafin a ce yara su yi birgima a wurin. Kududdufan nan suna da zurfi, bakinsu a tsaye yake, sun sha cin 'ya'yan mutane. Sai an kwantar da gaɓa an sa shinge. Ga kuma masu lambu da ke ban ruwan karas da kabeji da latas. A zauna da su tun farko, kada a tashe su da sunan gyara. Wanda gidansa ya shiga hanyar ruwa a biya shi diyya, a ba shi fili.

Kirana ga gwamnatin Filato da hukumar raya birnin Jos, JMDB: a ware kilomita ɗaya tak a gefen Gangare, a kwashe bola, a dasa itace, a sa benci da fitilun sola, a damƙa wa matasan unguwannin da ke kewaye, Musulmi da Kirista, kula da wurin. A fara da ranin nan, kafin ruwan Afrilu ya sauko.