Cutar Boru: Ba Daga Baki Take Farawa Ba

Dubi wannan saniya. Yawu na ta dalala daga bakinta, ta ƙi kiwo, ga ɗingishi. Makiyayi na ganinta zai ce boru ce, ciwon baki da kofato. Bai yi kuskure ba, sai dai kafin ido ya ga haka, cutar ta daɗe da shiga jiki.

Bairos ne ke kawo ta. Ƙanƙantarsa ta kai a ce a 1898, da masana biyu, Loeffler da Frosch, suka tace ruwan ƙurjin dabbobin da suka kamu a Jamus, sai ya bi ta matatar da ke tare bakteriya ya wuce. Shi ne bairos na farko da aka gano a dabbobi.

Yawanci saniya shaƙarsa take yi. Masaukinsa na farko can bayan hanci ne, a saman maƙogwaro, kan wani siririn tantani. A jikin bairos ɗin akwai wata 'yar ƙugiya da ke kama wani furotin mai suna integirin a bangon ƙwayar halitta. Da ya maƙale, ƙwayar da kanta za ta haɗiye shi. To, nan ne ta'asar take. Yana shiga sai ya datse hanyar da ƙwayar ke bi ta haɗa nata furotin, ya mayar da ita masana'antar buga irinsa. Cikin 'yan sa'o'i ta fashe, dubbai su fito.

Daga nan sai jini. Zazzaɓi ya haura digiri 40, nono ya ragu. Jini kuwa ko'ina yake zuwa, amma bairos ya fi samun gindin zama a harshe, dasashi, tsakanin kofato da kan nono, wuraren da ke shan guga kullum. Ƙwayoyin tsakiyar fata su kumbura su mutu, ruwa ya taru, wurin ya yi bororo, ya fashe ya bar gyambo.

Manyan shanu galibi suna warkewa. Maruƙa ne abin tausayi, domin tsokar zuciyarsu yake kamawa, maraƙi ya faɗi matacce ba ko ƙurji ɗaya.

Bayan gyambo ya warke fa? Kusan rabin shanun da suka kamu, bairos na nan laɓe a maƙogwaronsu bayan kwana 28, wasu har fiye da shekara biyu, alhali suna kiwo lafiya lau.