Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Tsaro a Makarantar Horar da Kuratan Sojan Ruwa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai Girma Ministan Tsaro, babban baƙonmu na yau. Babban Hafsan Sojojin Ruwa da manyan hafsoshin da suka rufa masa baya. Malaman wannan makaranta, masu kaki da farar hula. Iyayen yara da suka samu halarta. Sai ku kurata da kuke tsaye a rana tun hantsi, kuna addu'a a zuci kada jawabina ya yi tsawo. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin hafsoshi da malamai da kuratan wannan makaranta, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Mun san tarin aikin da ke gabanka. Da rahoto ka nema a rubuce, da tuni an kai maka har ofis cikin fayil mai kyau. Sai ka zaɓi ka tako da ƙafarka, to gani ya kori ji. Ba mu da wani ɗakin taro na a zo a gani, filin fareti ne da rumfa, amma an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Waɗannan samari da 'yan mata da ke gabanka, da ka gan su ranar da suka shigo ta ƙofar can, ba ka ce su ne ba. Kowa da jakarsa, kowa da irin tafiyarsa, wani ma hannu a aljihu. A ranar aka yi wa mazan aski iri ɗaya, aka raba kaki, aka ba kowa lamba da gado da akwati. Daga nan sai tashin asuba, gudu, fareti, gyaran gado, goge takalmi, aji, a sake komawa fareti. Sun koyi kwance bindiga da haɗa ta, sun yi harbi a fili, sun san muƙamai da wanda ake sara wa, an karantar da su dokar soja da abin da ta hana a yi wa farar hula da fursunan yaƙi. Wannan kowace runduna a duniya tana yi, ba zan tsare ka a kai ba.

Inda nake so mu ɗan zauna shi ne wurin da sojan ruwa ya rabu da ɗan'uwansa na ƙasa. Sojan ƙasa in wuri ya yi zafi yana da inda zai ja da baya, akwai rami, akwai tudu, akwai daji. Na cikin jirgi a tsakiyar teku ba shi da ko ɗaya. Ɗakin kwanansa da wurin aikinsa da tankin mai da ma'ajiyar harsasai duk cikin ƙarfe ɗaya suke, kuma ba motar 'yan kwana-kwana da za a kira ta zo. Shi ya sa tun kafin mu yi wa kurtu zancen abokan gaba, muke fara haɗa shi da biyun da zai kwana da su ya tashi da su har ranar ritayarsa, wato wuta da ruwa.

Akwai labarin da ba ajin da ke fita daga nan bai ji shi ba. Ranar 29 ga Yuli 1967, wani katafaren jirgin Amurka mai ɗaukar jiragen sama, Forrestal, yana mashigin Tonkin lokacin yaƙin Biyetnam. Ba wanda ya harbe shi. Matsalar lantarki ce ta sa roka ta kuɓuce daga jikin wani jirgin sama da ke ajiye a kan bene, ta bugi tankin man wani, mai ya malale, wuta ta tashi a ƙarƙashin bama-bamai. Ƙwararrun masu kashe gobara na jirgin suka ruga wurin, shugabansu Gerald Farrier na gaba da tukunyar kashe wuta a hannu. Ba a cika minti biyu ba bam na farko ya tashi, ya tafi da mafi yawansu. Waɗanda suka rage maza ne, ba su gudu ba, amma da yawansu ba a taɓa koya musu aikin ba. Wasu na zuba kumfa don ta lulluɓe man, wasu kuma da kyakkyawar niyya na feso ruwan teku yana wanke kumfar. Mutum 134 suka mutu. Bayan wannan ne rundunar ruwan Amurka ta wajabta wa kowane ma'aikacin jirgi koyon kashe gobara, ko kuku ne ko akawu. Mu ma a nan haka muka ɗauke shi. Ba mu tambayar kurtu sashen da yake burin shiga kafin mu miƙa masa mesar ruwa.

Abin da ake koya masa a aji ba shi da wuyar faɗa. Wuta abu uku take ci: abin ƙonewa, iska da zafi, ka raba ta da ɗaya ta mutu. Wutar mai kumfa ake sa mata. Wutar lantarki a fara yanke layin, sannan a fesa mata iskar da ke shaƙe ta. Kafin ka buɗe ƙofa ka taɓa ta da bayan hannu, domin in tafin ya ƙone ka rasa abin riƙe mesa. Wahalar tana wurin yi. Mutum ya sa abin rufe fuska, tukunyar iska a baya, ya shiga ɗakin ƙarfe da hayaƙi ya cika, ba ya ganin yatsunsa, ba ya jin komai sai numfashinsa. Na gaba yana riƙe da bakin mesa, na baya ya dafa kafaɗarsa yana tare masa ƙarfin ruwan. A wannan ɗakin muke sanin yaranmu, Ranka ya daɗe, fiye da yadda muke saninsu a takardar jarrabawa. Na ga mai baki ya yi tsit, na ga wata yarinya da ko amsa sunanta da ƙyar ake ji ta ja layin mutane har ƙarshen ɗakin ta fito da su.

Sannan ga wani abin da ke ba sababbin zuwa mamaki: ruwan da ka kashe wuta da shi yana iya nutsar da jirgin. A watan Fabrairun 1942 gobara ta kama babban jirgin fasinjan Faransa, Normandie, yana ɗaure a tashar jiragen ruwa ta birnin New York a Amurka. Aka yi ta antaya masa ruwa har ya yi nauyi ta sama, ya kwanta a gefensa a nan bakin tasha. Don haka duk mai zuba ruwa, sai an samu wani a ƙasa yana zuƙe shi da famfo.

Wannan ya kawo mu ga toshe ɓaraka. Kayan aikin za su ba ka dariya in ka gan su kusa da na'urorin zamani: guntayen katako masu tsini, guduma, sanduna na tokare bango, wani lokaci har katifa. Amma a watan Afrilun 1988 jirgin yaƙin Amurka Samuel B. Roberts ya taka nakiya a Tekun Fasha, ƙashin bayansa ya karye, wuta a sama ruwa a ƙasa, kuma ma'aikatansa suka hana shi nutsewa, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Abin da ya cece su shi ne atisayen da kyaftin ɗinsu ya riƙa sa su maimaitawa har suka gundura. Shekara shida kafin nan, a yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Ingila da Ajantina, makami mai linzami ya sami jirgin Ingila, Sheffield, ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara, mutum 20 suka mutu, hayaƙi ya kori sauran, daga baya jirgin ya nutse.

Bari in faɗi wannan saboda iyayen da ke nan. Kwanaki wani uba ya same ni, ransa a ɓace, wai an hukunta ɗansa don kawai ya wuce ta wata ƙofa bai danne maƙallanta ba. Na kai shi ya ga ƙofar. Na ce masa jirgi ɗaki-ɗaki aka gina shi, in ruwa ya shiga ɗaya sauran su riƙe shi a sama. Ƙofa ɗaya a buɗe ta mayar da ɗaki biyu ɗaya, kuma waɗanda ke barci a ƙasa ba su san an bar ta ba. Bai ce na yi daidai ba, amma da zai tafi na ga ya tsaya ya danne maƙallan da hannunsa.

Sai iyo. Jama'a na ɗauka duk wanda ya nemi aikin sojan ruwa ɗan ruwa ne. Ina! Da yawa ruwan da ya fi na bokiti zurfi a nan suka fara shigarsa. Ranar farko a bakin tafkin horo ranar kallo ce, ƙato ya hau dakalin tsalle ya leƙa ƙasa gwiwarsa na rawa, malami na ƙasa da sanda mai ƙugiya yana cewa, "Sauko, ina nan." Ba salon gasa muke koyarwa ba. Yadda za a bar jirgi in ya zama dole muke koyarwa: ka duba ƙasa kada ka faɗa kan wani, ka haɗe ƙafafu, hannu ɗaya ya toshe hanci, ɗayan ya danne rigar ceto don kada ta bugi haɓarka, ka shiga da ƙafa. In ka taso ka yi nesa da jirgin, ka nemi 'yan'uwanka ku dunƙule wuri ɗaya, saboda ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska, kuma masu ceto sun fi saurin hango taro. In babu rigar ceto, wandonka ma a ɗaure ƙafafunsa a cika shi da iska zai riƙe ka. Kuma komai ƙishi ba a shan ruwan teku, gishirin da ke cikin lita ɗaya ya kai giram 35, ƙodar mutum sai ta zubar da ruwan da ya fi wanda aka sha kafin ta fitar da shi.

Sauran kuwa harshen jirgi ne da al'adarsa. Fitilar hagu ja ce, ta dama kore, don wanda ya hango ku da dare ya san inda kuka dosa. Mil ɗin teku mita 1,852 ne. Gadi awa huɗu ne, ana buga ƙararrawa duk rabin awa, in aka yi bugu takwas gadin ya ƙare, kuma wanda ya makara wajen karɓar gadi barcin ɗan'uwansa ya sata. Ƙullin igiya kuwa sai kurtu ya iya shi ido a rufe, hannu a jiƙe, kafin mu ce ya iya.

Ranka ya daɗe, ba a tarbar babba a bar shi ya tafi bai ji kukan gida ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, kuma dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasar da ke gaɓa hakkin arzikin ruwa har mil 200. Waɗannan yaran ne za su tsare wannan faɗin, a cikin jiragen da kuɗinsu ka fi ni sani. A makarantar Raleigh ta sojan ruwan Ingila akwai ɗakin horo da ke tangaɗi kamar jirgi, ruwa na ɓullowa ta bango, kurata na tokarewa. A makarantar Great Lakes ta sojan ruwan Amurka an gina kwaikwayon jirgin yaƙi sukutum a cikin gini, kurata su kwana suna fama da gobara da ambaliya na tsawon awa 12 kafin a ba su hular da ke nuna sun zama sojan ruwa. Ba mu ce a yi mana irin wannan gobe ba. Abin da muke roƙo ya fi haka sauƙi. Ɗakin hayaƙinmu ya tsufa. Tukwanen iska ba su isa ba, sai rukuni ɗaya ya fito a cire a jikinsu a sa wa na biye, rabin yini ya tafi a jira. Injin tace ruwan tafkinmu yana aiki yau ya ƙi gobe, in ya ƙi kuwa darasin iyo ya koma allo da alli, alhali ba a taɓa koyon iyo a kan benci ba. Sai gidajen malamai, waɗanda su ne ke tashi kafin kurata su kwanta bayansu. Mun rubuta komai dalla-dalla, zan miƙa maka takardar da hannuna. Muna kuma godiya da abin da aka riga aka yi mana, ba mu manta ba.

Ku kuma kurata, ku gyara tsayuwa, na kusa. Abin da kuka saba yi kullum shi za ku yi yau, kada wanda ya ƙara gishiri don ya ga babban baƙo.

Mai Girma Minista, in ka amince, kwamandan fareti zai matso ya nemi izninka ka duba sahu. Daga nan za mu wuce bakin tafki, sannan ɗakin hayaƙi da wurin toshe ɓaraka. Mun ajiye maka dogon takalmin roba da rigar ruwa a bakin ƙofa, domin wurin ba ya barin kowa ya fito a bushe, kuma yaran sun ce in ka yarda akwai guduma ɗaya da suka ware maka.

Barka da zuwa, Ranka ya daɗe. Allah ya mayar da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.