Darasin yau: kaskin VR, kuɗin da ke ciki da jirin da yake sawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ina gaishe ku daga nan Damagaram. Darasinmu na yau a kan kaskin VR ne, wannan da kuke gani a hannuna, wanda in ka sa shi ya rufe maka ido sai ka tsinci kanka tsundum cikin wasan, ka waiga dama ka ga dama ka ɗaga kai ka ga sama. Masu gidajen wasan PS na Zango da Sabon Gari suna ta tambaya wai su saya su ƙara a shago ko kuwa zubar da kuɗi ne. To ba zan ja ku da nisa ba, akwai kuɗi a ciki, amma kuɗin ya rataya ne a kan yadda mutum ya ji a jikinsa lokacin da ya cire shi. In ya cire kansa na juyawa zuciyarsa na tashi to ba zai dawo ba, kuma da dare in ya je fada wajen shayi sai ya hana mutum goma zuwa.

Bari mu fara da su can masu ƙera shi don ku san irin kasuwar da za ku shiga. Tun 1995 Nintendo ta fitar da wani mai suna Virtual Boy, hotonsa ja da baƙi kawai, mutane suka yi ta kukan ciwon kai da ciwon wuya, da wuri aka janye shi daga kasuwa. Aka yi shiru har 2012 da wani matashi Ba'amurke Palmer Luckey ya nemi gudummawar jama'a a intanet don ya ƙera Oculus Rift, ya tara sama da dalar Amurka miliyan 2, a 2014 Facebook ta saye kamfanin a kan wajen miliyar 2. A 2016 Rift da HTC Vive da PlayStation VR duk suka fito, ana ta cewa shi ke nan an gama da talabijin. Ku ji lissafin, zuwa farkon 2020 PlayStation VR ya ɗan haura miliyan 5 da aka sayar, alhali ita PS4 ɗin da ake jona shi a kanta ta wuce miliyan 100, kenan cikin mutum 20 masu PS4 ɗaya ne kawai ya saye shi.

Wanda ya ɗan buɗe kasuwar shi ne Quest 2 na 2020, na kamfanin Facebook ɗin nan da yanzu ake kira Meta, dalar Amurka 299, ba waya ba kwamfuta, komai na cikinsa. Amma duk da haka sashen kamfanin Meta mai wannan aiki, Reality Labs, ya yi asarar sama da miliyar 13 a 2022, miliyar 16 a 2023, sama da 17 a 2024, dalar Amurka fa nake magana. Suna sayar da ƙarfen da araha ne suna fatan su mai da kuɗinsu ta wajen wasanni. Apple kuma ta bi ta sama, Vision Pro ɗinta na 2024 dala 3,499, wajen miliyan 2 na sefa, ya wuce giram 600 a fuska ga batirin daban a aljihu, kuma babban kukan waɗanda suka saya nauyi ne. Ni a ganina matsalar kamfanonin nan ita ce mutum zai saya da ɗoki ya buga sati biyu ya ajiye ya koma wa talabijin da manet, abin nan da ake riƙewa a buga wasa, don ba kowa ke jure awa biyu da abu a ɗaure a fuska ba. To mu nan wannan bai dame mu ba, wa zai saya ya kai gida a wannan tsadar? Namu na haya ne, minti goma minti goma, kuma minti goma shi ne daidai lokacin da kaskin ya fi daɗi.

Yanzu me ke kawo jirin. Can cikin kunnenka, bayan dodon kunne, akwai wasu ƴan bututu uku masu ruwa a ciki, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kana juyawa ko kana tsaye wuri guda. Duk wanda ya taɓa shiga bas zuwa Yamai ya duƙufa a kan waya ya san abin, ido na cewa muna zaune kunne na cewa ana ta girgiza mu, sai zuciya ta fara tashi. A kaski juyin wannan ne, ido na ganin kana gudu ko kana faɗowa daga sama, kunne kuwa bai ji komai ba, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai gumi mai sanyi, sai miyau ya taru a baki, sai amai. Abu na biyu shi ne jinkiri, in ka juya kai dole hoton ya bi ka nan take, masu ƙerawa suna son jinkirin ya kasa kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa, shi ya sa ekaran ɗin ke sabunta hoto sau 72 ko 90 ko 120 a daƙiƙa guda. Don haka ina roƙonku, waɗannan na robar masu araha da ake zura waya a ciki, kada ku sa su a shago. Juyin kai kawai suke bi, in ka matsa gaba ko ka duƙa hoton ba ya sani, kuma wayar ba ta da saurin. Google ma da ta fara na kwali a 2014 ta rufe nata tsarin Daydream a 2019. Yawancin masu cewa sun gwada VR bai karɓe su ba irin wannan suka gwada.

Ƙane zo nan ka tsaya inda kamara za ta gan ka. Yauwa. Ku lura da kyau, wannan wajen shi ne darasin. Kada ka miƙa wa mutum ya sa da kansa, kai za ka sa masa. Ka saki maɗaurin gaba ɗaya tukuna, ka ɗora kaskin a kan idonsa ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan ɗaga sama ya ɗan sauke ƙasa har rubutun ciki ya fito ras, sannan ka ja maɗaurin baya ya sauka can ƙasan ƙeya, nan inda ƙashi ya kumbura. Yawanci nan ake kuskure, sai a bar shi a tsakiyar kai a matse gefe da ƙarfi, rabin kilo kenan duk a kan kumatu da karan hanci, don Quest 2 giram 503 ne Quest 3 kuma 515. Wannan na saman kai shi ke ɗaukar nauyin, ka gajarta shi har ka ga kaskin ya ɗago daga kumatu. Ƙane ya matse ka?

A'a yaya, amma rubutun kamar biyu biyu.

To kun ji, wannan tazarar ido ce. Tsakanin ƙwayar idon babban mutum wajen milimita 63 ne, wani ya fi haka wani bai kai ba. Quest 2 mataki uku gare shi, 58 da 63 da 68, da hannu ake tura gilasan, kun ji ƙarar, ƙas. Quest 3 ɗan gare ne a ƙasa kake murzawa. Yanzu fa?

Yanzu ya fito yaya.

Alhamdulillahi. Wannan ɗan gyaran da bai kai minti guda ba shi ke hana ciwon kan da ke zuwa daga baya. Mai tabarau na likita kuma kada ya cire, don ko da ekaran ɗin na dab da ido gilasan suna mai da hoton kamar yana nesa da fiye da mita guda, wanda ba ya ganin nesa ba zai gani ba. Akwai ɗan zoben roba da ake ƙarawa don tabarau kada ya goge gilashin.

Sai fili. Mita 2 a kan mita 2, ba kujera ba tebur ba yaro, ka zana masa iyaka a cikin kaskin, in ya kusa bango raga za ta fito masa. Igiyar manet a sa ta a wuyan hannu kullum, manet ɗaya in ya fashe ba za ka samu a Kasuwar Dole ba, sai ka aika Kano ko ka jira mai zuwa Dubai, kuma ba wakilin kamfani a nan da zai gyara maka. Ni ina son a shimfiɗa ƴar tabarma a tsakiya mutum ya tsaya ba takalmi, da ƙafarsa ta sauka daga kai ya san ya kauce. A kunna masa fanka tana bugun fuskarsa, tana rage gumi kuma jiki na gane inda gaba yake.

Wasan da za ka fara sa wa sabon shiga shi ma da muhimmanci. Ku dubi Beat Saber da ya fito a 2018, kana tsaye wuri guda abubuwa ne ke zuwa wajenka kana sarewa, ido da kunne ba su da gardama, shi ya sa ya zama cikin waɗanda suka fi kasuwa. Ƙwallon tebur da dambe su ma haka. Wanda za ka guje wa shi ne jirgin nan mai hawa da gangara da tseren mota, na san su ke sa ƴan kallo dariya in mutum na ihu yana neman faɗuwa, amma wallahi kwastomanka kake kora. In wasan na tafiya ne ka shiga saiti ka zaɓi tsalle daga wuri zuwa wuri maimakon tafiyar sulalewa, juyi ma ka sa na mataki mataki, akwai kuma wanda ke duhunta gefen ido lokacin motsi, ka kunna shi. Kuma ka gaya wa mutum tun farko da ya ji zafi a goshi ko miyau ya taru ya ɗaga hannu a cire, kada ya ce zai daure don kada abokai su raina shi, dauriya ƙara abin take har ya wuni bai dawo daidai ba. Ka ajiye masa sauran mintocinsa zuwa gobe.

To ga namu na Damagaram wanda ba a rubuta a kwali ba. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kaskin kansa yana zafi, soson fuska kuma ya sha gumin wancan ya shafa wa wannan. A 2021 kamfanin da kansa ya yi kiranye a kan soson Quest 2 saboda ƙaiƙayin fata ya raba murfin silikon, to ku nemi irin wannan murfin guda biyu, ana goge ɗaya ana aiki da ɗaya, kuma lokacin da apolo ke yawo duk mai jan ido a ba shi haƙuri. Gilasan ba a sa musu alkol, ba a goge su da bakin riga, lokacin hunturu ka fara hure ƙurar tukuna sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Babbar kuma ita ce rana, in ta shiga ta gilasan tana taruwa wuri guda ta ƙone ekaran ɗin, tabon ba ya fita, don haka ko daga ɗaki zuwa kan kabu-kabu ne a sa shi a jaka a rufe. Yara ƙanana a'a, Sony mai PlayStation VR ta ce shekara 12, Meta da 13 take cewa sai a 2023 ta sauko zuwa 10 da sa idon iyaye. Mai farfaɗiya kada a sa masa.

Lissafi yanzu, misali ne nake bayarwa kowa ya sa nasa farashin. Quest 3S da ya fito a 2024 a kan dalar Amurka 299, a ce ya iso hannunka da kuɗin hanya da duwan da murfi da maɗauri mai batiri a kan jaka 250. A ce minti goma sefa 200, mutum 20 a rana jaka 4 kenan, wata biyu da ƴan kwanaki ka mai da uwar kuɗi. Amma kada ka yaudari kanka, mutum 20 kullum sai satin farko da lokacin sallah, in ɗoki ya kwanta ka raba biyu. Batirinsa awa biyu ne da ƴan kai, tsakanin kwastoma da kwastoma akwai sawa da gogewa, kenan caji ɗaya mutum takwas ko tara, in an ɗauke kuran kuma ba ka da pano ko babban batiri ka zauna. Dole a samu mutum guda tsaye a kansa ko da yaushe, shi ma za ka biya shi. Saitin farko na son wifi da waya, wasanni sai da katin banki kuma wasu giga da yawa ne, sannan ka karanta ƙa'idar kowane wasa don da yawa na amfanin gida ne, haya tana da lasisinta daban. Kuma ƙwallon ƙafar nan da yara ke wuni a kanta a PS babu ita a ciki, saboda haka kada wani ya sayar da PS ɗinsa ya sayi kaski. Wanda ke da shago da jama'a riga ya sayi guda ɗaya ya ajiye a lungu ya ga yadda za ta kaya wata uku kafin ya ƙara na biyu. PlayStation VR2 kuwa ban ba ku shawara ba, da ya fito a 2023 ya fi PS5 ɗin kanta tsada, sai an jona shi da ita ko da kwamfuta yake aiki, ga waya da ke harɗe ƙafa.

Abu guda da ke jawo mutane shi ne masu jira su riƙa ganin abin da mai kaskin ke gani a talabijin ɗin shago, yadda ake haɗa wannan shi ne darasi na gaba in Allah ya kai mu. Ƙane cire a hankali, ka fara sakin na baya, ka zauna minti biyu ka sha ruwa kafin ka hau mashin. Sai an jima jama'a.